Layin da Motar Sanarwa Ba Ta Shiga

Kafin mai sanarwa ya buɗe baki, lasifika takan yi wani fito mai tsini, sannan ya hura ta sau biyu ya ji ko tana aiki. Wannan fiton na ji ranar Asabar da ta wuce, ina tsaye a bakin titi ana yi mini facin taya. Wata tsohuwar motar ƙaramar hukuma ce, an ɗaure mata lasifika a ka da igiyar roba, ana cewa mata su fito da yara rigakafi. Ko waiwaye mutane ba su yi ba. Ni kuwa sai na ji wani abu ya taso mini, abin da na sani sarai don tare muka girma. Kishi ne, ba sai na laƙaba masa wani suna mai daɗin ji ba.

A Nassarawa GRA na tashi, amma kada ka ɗauka 'yar masu gida ce ke ba ka labari. Babana mai lambu ne a gidan wani Alhaji. Daga ƙauyensu na Jigawa ya zo tun yana saurayi, aikinsa ba furanni ruwa da tiyo da aske shinge da wani ƙaton almakashi. Ɗaki biyu aka ba mu a can bayan gida, kusa da injin wuta. Famfonmu ba ya ƙafewa, mangwaro kuwa idan bazara ta yi sai mun gaji da shi mu bar wa jemagu. Duk wanda ya zo daga cikin gari sai ya ce mun ji daɗi. Abin da ba sa lura da shi shi ne shirun. Tun safe har yamma ba ka jin komai a layinmu sai kukan kurciya da ƙarar almakashin Baba.

Motar sanarwa ba ta shiga layinmu. Tana zuwa mahaɗar titi sai direba ya karya kai ya nufi Giginyu ko Badawa, kuma ban ga laifinsa ba. Wa zai fito ya saurare shi? Manyan mutane a ofis suke jin labari, ko ta waya. An dai manta cewa bayan kowace katanga akwai masu gadi da direbobi da kuku, da matansu da 'ya'yansu. Mu wutsiyar magana muke samu, idan iska ta ga dama ta kwaso mana. Sai ka ga Umma ta tsayar da wanki, hannu duk kumfa, ta karkata kunne. Mu ji an ce a fito da, ba mu ji da me ba. Mu ji an ce ranar ƙarshe, ba mu san ta mece ce ba. Akwai shekarar da aka raba gidan sauro aka gama, sai a gadajen mutane muka gan shi.

A Gama kuwa, inda kakata ta wajen uwa take, labari har tsakar gida yake iske mutum. Kaka ungozoma ce, rabin yaran layinsu a hannunta suka faɗo, don haka ma'aikatan lafiya ba sa shiga gidan kowa sai sun biyo ta gidanta. A wurinta 'yar kawuna take, taubashiyata, wadda wata biyu kacal na ba ta. Tun yaye aka kai wa Kaka riƙonta, ba ta sake komawa ba. Ni ma a nan aka yaye ni, amma ni an mayar da ni.

Yarinyar nan ta haddace duk wata sanarwa ta ƙaramar hukuma. Takan ɗauki mazurarin manja ta kafa a baki, ta hura sau biyu, ta yi shelar yashe kwata kafin damina, ko zuwan duba-gari, har da tarin da mai sanarwar yake yi a tsakiya. Kaka ta yi ta dariya har da share ƙwalla. Idan na tambayi mene ne duba-gari, sai ta kalle ni sama da ƙasa ta ce ai 'yan gidan Turawa ba su san komai ba sai fure. Wasan taubasai ne, ba a fushi da shi, amma ni ina yi, a ciki.

Ba ma wannan ne ya fi ci mini rai ba. Ita a gadon Kaka take kwana. Ta san inda makullin adaka yake, ita ake bar wa ƙanzo, ita ake yi wa faɗa. Ni idan na je ranar Juma'a sai Kaka ta ce maraba da baƙi, ta sa a ɗauko sabuwar tabarma daga bayan ƙofa a shimfiɗa mini. Kowa yana zaune a tsohuwa mai yagaggen baki, ni kaɗai a sabuwa. Na tsani tabarmar nan fiye da yadda zan iya gaya maka.

Shekarar da muka gama firamare, ƙarshen bazara, mangwaro ya fara ƙarewa, hadari yana haɗuwa da yamma yana watsewa, na je Gama kamar kullum. Ko zama ban yi ba taubashiyata ta fito da wata takarda a cikin leda tana fifita da ita. Ashe mako guda ke nan mota tana zagayawa: ƙaramar hukuma za ta ɗauki nauyin 'yan mata zuwa makarantar kwana, a je a karɓi fom wurin masu unguwa, a mayar sakatariya kafin Laraba, sannan a yi jarrabawa. Sunanta yana jiki, kawu ya rubuta da biro. Ranar ƙarshen da muka ji iska ta kawo mana ke nan.

Na san idan wannan ta wuce ni karatuna ya tsaya, don Baba ba shi da halin makarantar kwana, kuma ya sha faɗa. Amma gaskiya ba karatun ne ya fara zuwa mini ba. Abin da ya fara zuwa shi ne, Kaka ta ji sanarwa, ta tuna da jika ɗaya. Da kuka na koma gida. Umma ta ji komai ba ta ce uffan ba, don ni 'yar fari ce, ko sunana ba ta kamawa balle ta tsaya mini a gaban mutane. Ta dai ƙara mini miya a tuwo, iyakarta ke nan.

Baba ne ya ce in share hawaye, shi da yake gidan babban mutum me zai kai shi zauren mai unguwa? Ya jira Alhaji ya fito shan iska, ya durƙusa ya yi bayani. Alhaji mutumin kirki ne, nan take ya rubuta wasiƙa a wata takarda mai kauri, mai sunansa da ruwan zinari a sama. Ranar Litinin Baba ya sa rigarsa ta Sallah, ya ɗora ni a bayan keke, wasiƙa a cikin hula don kada gumi ya taɓa ta. Duk wanda muka gamu da shi a hanya sai ya gaya masa inda za mu.

Akawun da muka tarar a sakatariya wata mata ce Kirista 'yar Zariya, mai tabarau da igiya a wuya. Ta karanta wasiƙar har ƙasa, ta miƙo wa Baba da hannu biyu. Ta ce ba ta raina Alhaji ba, amma fom ba ya hannunta, kuma ba girman mutum takardar take tambaya ba, tana tambayar wanda ya san inda aka haifi yarinya.

"Malam, wane ne mai unguwarku?"

Shekara da shekaru Baba yana zaune a layin nan, ya san kowace bishiya da ranar da aka dasa ta, amma bai taɓa sanin ko muna da mai unguwa ba. Ya ninke wasiƙar ya mayar cikin hula. A hanyar komawa bai gaisa da kowa ba, kuma bai nufi gida ba, Gama ya nufa.

Kaka ta ji bayani, ba ta yi wa surukinta dariya ba, ko da yake na ga bakinta yana motsi. Ta ɗauki mayafi ta ja hannuna zuwa zauren mai unguwa, wani dattijo mai farin gemu da ke zaune a kan buzu, tambarinsa a cikin gwangwanin madara. Ya dube ni ya ce bai san wannan ba. Kaka ta ce ai kuwa ya kamata ya sani. Uwata gida ta dawo haihuwar fari kamar yadda ake yi, ita Kaka ta yanke mini cibi da hannunta, mabiyata kuma tana binne a bakin ɗakinta, gefen randa. Idan yana shakka a ɗauko fartanya.

Dattijon ya yi dariya ya ce ya yarda, 'yar unguwa ce. Sai dai fom kaɗan aka kawo masa, ya raba gida ɗaya fom ɗaya don kada a ce ya yi son kai, kuma gidanta ya riga ya karɓi nasa. Ya ɗaga buzun ya nuna mata babu ko ɗaya.

Sai Kaka ta aika a kira taubashiyata, a ce ta zo da ledar nan. A gabanmu mai unguwa ya ja layi a kan sunanta, ya rubuta nawa a sama, ya hura tambari ya buga a kan gyaran. Sunanta bai ɓace ba, ana iya karanta shi a ƙarƙashin nawa.

Zan so in ce maka na ji tausayinta. Ban ji ba. Daɗi na ji, irin wanda ke sa kunne zafi, na ce yau dai an zaɓe ni. Ita kuwa ba ta yi kuka ba, duk da ta fi ni ƙoƙari a aji, kuma ta riga ta gaya wa duk 'yan layi za ta tafi. Muna komawa gida ta ɗauki bokiti ta tafi ɗiban ruwa.

Ina bayan ƙyaure ina sake duba takardata sai maƙwabciyar Kaka ta leƙo ta katanga, don labari ya riga mu isowa. Ta tambaye ta yaya za ta ƙwace wa wadda ke yi mata hidima ta ba wa 'yar gidan Turawa. Kaka tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba.

"'Yar gidan Turawan zan iya rabuwa da ita," in ji ta. "Wannan da na riƙa ba zan iya ba."

Na tsaya riƙe da leda. A daidai lokacin aka fara yayyafin farko na shekarar, ƙamshin ƙasa ya tashi, yara suka fita da gudu suna murna. Ni ban fita ba.

Na ci jarrabawa, na tafi. Ina aji uku Kaka ta rasu da damina, a kan cinyar taubashiyata. Labarin bai iske ni ba sai bayan sadakar uku, shi ma a bakin wata mai kawo wa 'yarta ziyara, wadda ta ɗauka na sani. Na sha juya maganar nan ta Kaka a raina. Wani lokaci in ce ta faɗa ne don maƙwabciya ta bar ta ta huta. Wani lokaci in ce ta san wadda ba ta da mai shaidarta sai takarda, ta ba ta takardar. Amma da kunnena na ji, kuma Kaka ba ta iya ƙarya ba.

Yanzu komai ya canja. Gidan Alhaji an sayar, an sare mangwarorin an yi benaye. Sanarwa a waya take zuwa, kowace unguwa da zaurenta na saƙonni, motar ma sai jefi-jefi. Ina koyarwa, ina zaune a Badawa a gida mai katanga da ƙofar ƙarfe, kuma har yau rabin labarin gari daga taubashiyata nake jin sa. Daga baya ta yi kwas na aikin lafiya, ita ke shiga gida-gida da akwatin rigakafi, ita ke zaune a gidan Kaka.

Watan jiya 'yata ta buƙaci takardar shaidar asali, na kai ta Gama. Ɗan wancan dattijon ne mai unguwa yanzu, da waya biyu a gabansa, amma tambarin yana nan a gwangwani. Na ce masa ni jikar ungozoma ce. Ya dube ni da ladabi ya ce, "Hajiya, ai jika ɗaya muka san ta da ita." Dole na kira taubashiyata a waya. Ta zo da hijabinta na aiki, daga bakin zaure ta ce ni 'yar'uwarta ce, bai ƙara tambayar komai ba ya buga.

Ta kama hannun 'yata suka yi gaba, kowace ƙofa ana gaishe ta, ni ina biye da takarda a leda. Da muka isa gida ta ce maraba da baƙi, ta shiga bayan ƙofa ta fito da sabuwar tabarma. Na ce ta mayar da abarta. Na tattare zanena na zauna a ƙasa, a bakin ɗakin Kaka, gefen randa.