Fulatancin Ƙanena

Shekara huɗu na yi a jami'a ina nazarin yadda harafin farkon kalma yake sauyawa a Fulatanci. Ƙanena kuwa bai wuce firamare ba, gyaran babur yake yi a Burumburum.

Ranar wani suna muka je ruga tare. Na durƙusa na gaida Arɗo da Fulatancina na littafi, ya amsa mini da Hausa: "Sannu, Malam." Ƙanena ya jefa masa wata magana da Fulatanci, tsohon ya tuntsire da dariya, ya jawo shi kan buzunsa, suka sha kindirmo a ƙwarya ɗaya.

Ni aka kawo wa kujerar roba da kofi, wai girmamawa. Har yau ban iya tambayar ƙanena abin da ya faɗa masa ba.