Ƙahon Baba da Jinin Inna

Damina talatin da huɗu ke nan da muka kai mahaifina makwancinsa a Dudunni. Ban saba rubutu a kansa ba, don wanzami ne, ba malami ko attajiri ba, kuma shi kansa da ya ji an sa shi a jarida sai ya tambayi laifin da ya yi. Abin da ya taso mini da shi bana, wata likita ce sa'ar jikata, da ta sa yatsa ta ja fatar idona ƙasa tana leƙawa.

A zamanin Turawa, daga Kusada har Rimaye babu wanda bai san zabirar Baba ba. Aski, kaciya, cire beli, duk yana yi, amma ƙaho ne abin alfaharinsa. A wurinsa kowace cuta mataccen jini ce. Ciwon kai, ciwon baya, kasala, kai har wanda matarsa ta yi yaji, Baba zai dube shi ya ce jini ne ya taru. Ni ma sana'ar na tashi da ita, kuma lokacin da abin da zan faɗa ya faru na riga na yi aure, ina da zabirata.

Bayan haihuwar autanmu sai Inna ta soma haki. Daga rijiya zuwa gida sai ta zauna sau biyu. Ƙirjinta na dukan tara-tara ko tana zaune, ƙafafunta suka kumbura har mundayen ƙafa suka ƙi fita. Ta kuma kama wata ɗabi'a, tana ɓantarar ƙasar bango tana ci a ɓoye. Baba ya duba ya ce jini ne ya yi mata yawa yana danne zuciya. Duk Juma'a ya dawo daga masallaci sai ya kafa mata ƙaho huɗu a baya. Bai taɓa yi wa kowa aiki da natsuwa irin wadda yake yi mata ba. In jinin ya fito tsararo kamar ruwan wankin nama, sai ya ce mugun ya ƙi fitowa, a ƙara mako mai zuwa. Ni ma na yarda, har nakan wasa masa aska.

Ranar da ta faɗi a bakin murhu, ƙanenta ya zo ya rantse sai an kai ta ɗakin shan magani na Kankiya. Baba bai so ba, don a ganinsa wanzami ya kai matarsa wurin masu allura abin kunya ne. Amma ya ɗora ta a jaki, muka bi ta a ƙasa.

Malamin asibitin bai kai ni shekaru ba. Ya ja fatar idon Inna ƙasa, muka ga cikinta fari fat. Ya duba tafin hannunta, sannan ya ga sawun tsaga jere a bayanta.

"Wa ke zubda ma baiwar Allah ga jini?" in ji shi.

Masu jira a layi suka zuba ido, don rabinsu Baba ke yi wa aski. Da ya so, da ya ɓoye. Sai ya cire hularsa ya ce, "Ni ne. Matata ce."

Malamin ya sassauta murya. Ya yi masa bayani cewa jinin mutum da ƙarfe ake haɗa shi, ɗan kaɗan da ake samu a abinci, kuma haihuwa da tsutsar ciki sun riga sun cinye nata. In jini ya yi ƙaranci, zuciya ce ke biyan kuɗin, tana gudu ba hutu har ta gaji ta buɗe. Kowane ƙaho da aka kafa mata, ƙarin kaya ne aka ɗora wa zuciyar. Ya ba da ƙwayoyi, ya ce a nemo mata hanta da zogale da wake.

Idon Inna ya dawo ja, ta daina cin ƙasa, har ta koma surfe. Amma zuciyar ba ta koma daidai ba. Damina uku ta ƙara, sannan Allah ya karɓi abarsa. Ban taɓa jin Baba ya yi maganar ba, ni ma ban taɓa yi masa ba, kuma wannan shirun yana damuna har yau, don tare muka yi aikin.

Abin da ya canza shi ne hannunsa. Daga ranar, duk wanda ya zauna a gabansa neman ƙaho, sai ya fara jan fatar idonsa. In ya ga fari sai ya mayar da ƙahon zabira ya ce, "Tashi ka tafi Kankiya, ba ni da abin da zan ɗiba a jikinka." An yi ta yi masa dariya ana cewa Wanzam ya zama likita. Wasu suka koma wurin wani wanzamin, bai kula ba.

Nakan yi tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Kowane kemis cike da kwalaben ƙarin jini, mutane na kwankwaɗa ba gwaji. Likitata ta ce ƙarancin ƙarfe ne ke ƙara wa zuciyata rauni, amma ta gargaɗe ni kada in sha maganin yadda na ga dama, don in ƙarfen ya yi yawa taruwa yake a zuciya ya lalata ta. Wasu masu wannan larurar ma, in ji ta, ɗibar jini ake yi musu. Na yi dariya har ta tsargu. Da Baba na nan, da ya ce ashe ƙahonsa bai yi ƙarya ba, gadon bayan da ya kafa wa ne ba daidai ba.

Zabirar tana rataye a ɗakina, fatar ta bushe, babu jikan da ke son ta. Ban damu ba. Abin da nake so su gada shi ne mutumin da ya cire hula a gaban abokan cinikinsa, sannan ya yi sauran rayuwarsa yana dubawa kafin ya yanka. Da likitar ta saki fatar idona ta ga hawaye, ta tambaya ko ta ji mini ciwo. Na ce a'a, hannun wani na tuna. Allah ya jiƙan Baba, ya haɗa shi da Inna a inda babu haki.