Saƙon da na tura wa Yaya Hamidu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka kira ni: Yaya Hamidu ya faɗi wajen alwala, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Zuciya ce.



'Yan kasuwar dabbobi kun san shi, zabiyan nan mai malfa, dillalin shanu. Da na sauka Njamena ban iya ko gaisuwa da Larabci ba, shi ya ajiye ni a zaurensa na unguwar Milezi. In na yi kwaɓa wajen ciniki sai ya taka min ƙafa, ya ƙarasa min maganar.

Bara likita ya ɗora shi a kan maganin rage kitsen jini. Daga baya wani gyambo ya fito masa a kunne, ya ƙi warkewa. Ana cikin haka na ci karo da wani audio a WhatsApp, wai irin maganin nan na jawo kansar fata. Ni uban gwaninta, ban tambayi kowa ba na tura masa.

Likitansa ya ce wannan magana ba ta tabbata ba, rana ce abin tsoro ga fatarsa, kada ya kuskura ya bar maganin. To ina zai kai rana? Abincinsa a tsakiyarta yake.

Juma'ar da ta wuce ya ja ni gefe ya nuna min kwalin maganin, ko ɓare shi bai yi ba.

"Sani, in na sha, kunnen nan nake tunani. In na bari, ƙirjina. Kalas, shi ke nan, na gaji."

Na ce, "Yaya, don Allah ka koma wa maganinka."

Ya yi dariya. "Kai ka ce in bari, yau kuma kai ke cewa in sha?"

Ɗazu na je gidansa. Matarsa, Anti Balki, ta dube ni tana kuka ta ce, "Sani, bai taɓa fashin maganinsa ba fa. Me ya faru?"

Na sunkuyar da kai. Na yi mata ta'aziyya na fito.

Allah ya jiƙanka Yaya, ya haskaka kabarinka, ya sa ciwon ya zama kaffara. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. Ni kuma ku roƙa min gafara, da ƙarfin zuciyar da zan koma gidan nan in faɗa mata gaskiya.