Kalar Gyaɗar Yaya

A gidanmu, a wani ƙauye da ke ƙasar Ajingi ta wajen Gafasa, har yau gandu ake yi. Babbar gona ta Baba ce, duk namijin da ya isa riƙe fartanya zai fita da safe ya yi mata aiki har azahar. Daga nan sauran ranar taka ce. In kana da gayauna, wato 'yar gonar da Baba ya yankar maka, sai ka nufe ta, abin da ta ba ka naka ne, ba mai tambayarka. Ranar Juma'a ma taka ce sukutum. Amma in aikin gandu ya matso, to shi ne a gaba, gayauna sai ta jira.

A shekarar da nake magana a kai, majiya ƙarfi a gidan mu biyu ne, ni da yayana. Baba ciwon gwiwa ya fara zaunar da shi, ƙannenmu kuma duk mata ne. Na gama jami'a, na gama bautar ƙasa, na dawo gida da takardu a jaka, na jingine ta a bango na ɗauki fartanya. Yaya, wanda bai wuce sakandare ba, tun ranar ya sa mini suna Darakta. In na tsaya miƙe ƙugu a tsakiyar kunya sai ya ce, "Darakta, a kawo maka kujera mai juyawa ne?"

Ana tsakiyar damina wani abokina ya turo mini saƙo, cewa hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannayen jari za ta ɗauki ma'aikata. Na shiga Gaya na nema ta kwamfuta ba tare da na sa rai ba. Sai ga sunana cikin waɗanda za su zauna jarrabawa a Kano, a ƙarshen kaka. Na faɗa wa Baba yana zaune a zaure yana tufkar igiya.

Ya ce, "Wace kasuwa ce wannan? Ran yaushe take ci?"

Na ce, "Kullum take ci, Baba, ban da Asabar da Lahadi."

"Me ake kai mata?"

Na yi masa bayanin yadda mutum zai sayi wani yanki na kamfani, in an ci riba a ba shi rabonsa, da yadda hukumar ke tsare masu saye don kada a cuce su. Ya saurara har na gaji da kaina, sannan ya ce, "Ashe sarkin kasuwa za su ɗauka. To Allah Ya sa ka fi na nan adalci."

Jarrabawar a kwamfuta za a yi, mu kuwa ko waya sai ka hau tudun bayan masallaci take kamawa. A Gaya akwai ƙanin Inna, malami ne a Islamiyya, yana da shago a ƙofar gidansa da ba kowa a ciki, ga wuta tana zuwa jefi-jefi, ga shagon kwamfuta a bakin titi. Kowa ya san abin da ya kamata a yi, amma ba wanda ya so ya fara faɗa, saboda gero ya kusa isa girbi, gyaɗa tana bayansa. Yaya ne ya faɗa.

Ya ce, "Baba, a bar shi ya tafi Gaya. Dama aikin nasa rabi miƙa ne rabi hamma."

Aka yi dariya, har da ni.

Dole in faɗi abin da ke cikin gayaunar Yaya a shekarar. Gyaɗa ce ya shuka ta kaf, a wani fili da ya gangara wajen fadama, inda yashi ya haɗu da laka. Irin ƙasar nan tana ba da gyaɗa mai kyau, amma tana da sharaɗi: sai an cire tun da sauran danshi. In ta bushe ta ɗaure, ka ja harawa sai ta taho ita kaɗai, 'ya'yan su tsinke su zauna a ƙasa. Ɗakin Yaya kuwa rufin ƙasa ne da ya tsufa, duk ruwan da aka yi sai matarsa ta jera kwanoni a tsakar ɗaki, ga shi tana da goyo. Tun shuka yake cewa gyaɗar nan kwanon rufi ce. Da yamma yakan tsaya a bakin gonar ya ce mini, "Ka ga layin can? Shi ne ɓangaren da ke kan gado."

A Gaya na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Matar Kawu takan aiko mini da koko da ƙosai tun ban gama wanke ido ba. In 'yan Islamiyya suka fara rera karatu a zaure, ni kuma in buɗe nawa: lissafin riba, Turancin da sai ka karanta tambaya sau biyu kafin ka gane inda aka ɗana tarkon, dokokin kasuwa, bambancin dillali da mai ba da shawara, hukuncin wanda ya yi ciniki da sirrin kamfani. Da hantsi in tafi shagon kwamfuta in gwada amsa tambayoyi, agogo yana gudu a gefen allo kamar mai bin ka bashin numfashi. Kantar da ke tafin hannuna ta fara ɓarewa. Ina zaune ina karatu ina ɓantarar ta da farce, sai in tuna wanda ke can yana ƙara tasa, in yi maza in juya shafi.

Ruwa ya ɗauke da wuri a shekarar. Na lura da haka ne kamar yadda ɗan birni ke lura, wato na ga wankina yana bushewa da sauri. Sai wata Juma'a na hau mota na je gida. Ban tarar da Yaya a gayaunarsa ba, a gandu na same shi, shi kaɗai yana ɗaure gero, Baba na zaune a inuwa yana miƙa masa igiya. Ranar Juma'a, ranar da ba a taɓa karɓe wa kowa ba a gidanmu. Gyaɗar gandu ma ba a gama cire ta ba. Na bi ta gayaunarsa na tsuguna na danna ƙasar da babban yatsa. Ta ɗan shiga, amma da kyar.

Da muka dawo daga masallaci na ce, "Yaya, bari in tsaya. In muka haɗu mu biyu za mu sallami gandu, mu faɗa wa taka."

Ya ce, "Jarrabawar an fasa ne?"

"Ba a fasa ba."

"To me ka zauna yi? Su waɗanda za ku kara da su, 'ya'yan Kano da Abuja, kana jin gyaɗa suke cira yanzu?"

Na dubi Baba. Ya ce, "Ka ji abin da yayanka ya faɗa."

Na sake cewa zan tsaya, amma a hankali na faɗa, da muryar mai tayin abincin da yake fatan kada a karɓa. Da motar Gaya ta tashi da ni da la'asar, na jingina da taga na ji wani sanyi a raina cewa ba ni zan kwana da ciwon baya ba. Wannan sanyin shi ne abin da har yau nake jin kunyarsa. Ba wanda ya gani, ba wanda ya taɓa tambayata.

Ana jibi jarrabawa na koma gida neman albarka. Daga bakin hanya na yanke ta gona. Yaya ya riga ya gama da gayaunar. Ya sa fartanya ya yi iyakar yinsa, amma ƙasa ta riga shi. Harawar tana tare a gefe, na ɗaga dami ɗaya na ji shi sakayau, 'ya'yan da ke jiki ba su taka kara sun karya ba. Sauran duk suna ƙasa.

A wajenmu, da zarar mai gona ya kwashe harawarsa, gona ta zama ta masu kala. Tsofaffin mata da yara su shigo da 'yan sanduna da ƙananan fartanyu su tona, duk abin da suka samu halalinsu ne. Ba a hana kala, wanda ya hana sai an yi shekaru ana nuna shi da baki. A shekarar kirki kala ba ta wuce abin da za a soya wa yara. Ranar kuwa gonar Yaya cike take kamar ana biki, har daga wasu ƙauyuka an zo, saboda labari ya bazu cewa gyaɗa ta zauna. Kowace tsohuwa da ƙwaryarta, wasu da buhu. Na tsaya ina kallon kwanon rufin Yaya yana fita daga gonar a kan mutane.

A can ƙarshe, wajen layin da yake cewa shi ne na kan gado, na hango Inna. Ta naɗe zani ta durƙusa cikin sauran mata, tana dukan ƙasa da guntuwar fartanya, tana tsince gyaɗa ɗai-ɗai. Rabon Inna da kala tun muna ƙanana.

Na ce, "Inna, me ya fito da ke?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Shi ba zai iya shiga cikin mata ya yi kalar gonarsa ba, matarsa kuma ba ta fita. Ni ai tsohuwa ce, ba mai hana ni. Abin da na samu na rage masa."

Na tsuguna zan taya ta, ta buge mini hannu. "Tashi, kada ka ba yayanka kunya. Wa ka taɓa gani ƙato a wurin kala?"

Yaya na same shi a gida yana gyaran ƙotar fartanya. Kafin in buɗe baki, shi ya riga ni.

"Darakta, ka ga 'yan kasuwarka a gona? Sun zo sayen hannun jari." Ya yi dariya, ya ce, "Ruwa ne ya yi mana haka, ba kowa ba. Kai dai ka je ka cinye."

Da zai ce laifina ne, da na sami abin riƙewa, ko gardama ce in yi. Bai ce ba, ba a ranar ba, ba daga baya ba.

Da safen tafiyata Kano, Inna ta cusa mini ƙullin leda a aljihu. Soyayyar gyaɗa ce, ƙanana, wasu a fashe, irin wadda fartanya ta sara. Na san daga inda ta fito. Ban ci ba a mota, ban ci ba a gidan da na sauka. Ranar jarrabawa aka ce kowa ya ajiye abin da ke aljihunsa a bakin ƙofa, na ajiye ta tare da wayata. Na shiga na zauna cikin ɗaruruwan mutane, kowa ya sa ido a allo. Na amsa abin da na sani, na yi canki-canki a sauran. Da na fito na ɗauki ledata, yunwa tana cina, na zauna a gindin wata bishiya na cinye ta tas.

Na tsallake matakin farko. Aka yi murna a gida, Baba ya sa aka yi sadaka. Aka kira ni ganawa, na ari babbar rigar Kawu na je. Da sunayen ƙarshe suka fito, nawa ba ya ciki. Ba a cuce ni ba, waɗanda suka fi ni ne suka samu. Baba ya ce ba rabo. Inna ta ce Allah Ya sa haka ya fi alheri. Na koma na ɗauki fartanyata inda na ajiye ta.

Da bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa a gabas, Yaya ya kwaɓa ƙasa zai sake yaɓe rufin ɗakinsa, ko ya ƙara masa damina ɗaya. Ya hau sama, ni ina ƙasa ina cura masa ina jefawa. Matarsa ta fito da kwanonin tarar ruwa tana wankewa a bakin rijiyar cikin gida, tana jera su a rana. Yarinyar da ke goye bara ta fara tafiya, tana ɗaukar ƙaramin tana bugawa da cokali.

Muna cikin aikin Yaya ya leƙo daga sama, fuskarsa duk taɓo. Ya ce, "Na ji a rediyo irin waɗannan hukumomin sukan sake ɗauka. In sun buɗe bana, ka tafi Gaya tun da wuri, kada ka tsaya sai kaka. Ni na ga abin da ya kayar da kai, karatun ne bai ishe ka ba."

Na ce, "Yaya, gyaɗarka fa?"

Ya ce, "Zan shuka. Miƙo ƙasar, tana bushewa."

Na sunkuya na curo na miƙa masa.