Rigar da Ta Narke a Chanchaga

Shekarar da na gama sakandare na ƙwallafa rai a kan buga rubutu a rigunan tishat. A Kaduna na ga injin: a ɗora takarda mai hoto a kan riga, a danne da zafi, a ɗaga, sai ga hoto yana sheƙi. Na dawo Minna ba ni da zance sai nasa, har mutanen gidanmu suka gaji da ni.

Baba tela ne a Tudun Wada, kekensa ɗaya tun zamanin da yake ɗinka wa ma'aikatan jirgin ƙasa kaki. Shi bai ƙi sana'ar ba, injin ne bai kwanta masa ba. A ganinsa firam na katako da yadin siliki da robar jan fenti sun ishe ni, kuma kafinta zai haɗa su cikin yini guda. Ni kuwa ina ganin wannan aikin masu rubuta allon shago ne, na fi ƙarfinsa. Mun yi mako biyu gaisuwa ce kawai ke haɗa mu.

Ana haka wata dattijuwa daga Chanchaga, shugabar zumuntar mata a cocinsu, ta zo neman riguna na taronsu. Baba ya ce mata za mu yi samfur biyu ta zaɓa. Da ta fita ya dube ni ya ce idan ta ɗauki na inji, zai sayar da kekensa ya saya mini, don ba mu da halin riƙe duka biyun. Bai faɗa da fushi ba, wannan ne ma ya fi damuna.

Na koma Kaduna aka buga mini nawa. Na firam kuwa a zaure muka yi shi, Baba na riƙe da katako ina jan fenti ina ɓata rai. Ya fito fes, amma kusa da nawa sai ka ce ɗan ƙauye ya tsaya gefen ango.

Dattijuwar ba ta zaɓa da ido ba. Ta ce matansu manoma ne, riga sai ta sha wanki kafin a san halinta, mu biyo ta rafi. Ta goga musu sabulu, ta yi ta maka su a kan dutse kamar sun yi mata laifi. Wallahi ban san wacce nake tsoron ta lalace ba. Aka shanya. Dukansu suka tsira, sai dai tawa ta fi haske, matan da ke wanki ma ita suke nunawa.

Baba na zaune a gindin mangwaro yana murza babban yatsansa, wanda allura ta mayar kamar ƙirgi. Sai a lokacin na tambayi kaina abin da zai riƙa yi da safe idan babu keke. Shekara talatin hannun nan bai san wani abu ba.

A tsakar gidanta ta cika dutsen guga da garwashi, ta fifita shi har ya yi ja. Ta goge ta firam, babu abin da ya same ta. Ta shimfiɗa tawa, hoton na kallon sama. Mai injin da ya buga mini a Kaduna ya ja mini kunne har sau biyu cewa irin wannan sai an juya ta ciki waje kafin guga. Maganar na bakina. Na buɗe shi, na dubi Baba, na rufe.

Warin roba ya tashi. Da ta ɗaga dutsen, rabin rubutun ya bi shi.

"Wannan riga bai da ƙarfi," in ji ta. "Malam tela, ka yi mana naka."

Muka hau mota zuwa gida. Kunya da sanyin rai suka haɗe mini wuri guda, ban san wanda ya fi yawa ba. Muna shiga lungunmu Baba ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, shi ma ya aika an tambayo masa yadda ake goge irin wannan riga, ya san ana juya ta.

Na ce, "To Baba, me ya hana ka faɗa mata?"

Ya daɗe yana neman makullin shago a aljihu.

"Ni ma na buɗe baki," ya ce. "Ban iya ba. Ka yafe mini."