Zobe Ɗaya Nake Saye

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina ɗaure notin aksul da hannuna, ban taɓa sayen abin awo ba. A garejinmu na Fagge, in aksul ɗin mota, wato abin da ke juya ƙafafun baya, ya fara kuka ni ake nema. A ido aikin ba wuya. Noti ɗaya ne a bakin aksul, inda farfela, sandar da ke kawo juyi daga giya, ke haɗuwa da shi. Amma a bayansa akwai boris biyu, a tsakaninsu kuma wani zoben ƙarfe da ke lotsewa kaɗan-kaɗan in kana ɗaurewa. Sai ka ja sifana kaɗan, ka ajiye, ka juya bakin da yatsu uku ka ji nauyinsa. In da saura, ka ƙara. In ka zarce, zoben ya lotse ke nan, ba ya tashi. Ba a mayar da notin baya, sai dai a kwance a sa sabon zobe.

Shi ya sa kowane makanike zobe biyu yake saye. Ni ɗaya. Duk layin 'yan kayan gyara na Sabon Gari sun san ni da haka, ni ma ina so su sani.

Sai ciwon suga ya kama ni. Ya fara da ƙafa, ya hauro yatsu. Wata rana kofin shayi ya ƙona ni, ban sani ba sai da na ga bororo. Ban gaya wa kowa yatsuna sun daina ji ba, har mai ɗakina.

A cikin haka aminina ya kawo a-kori-kurarsa. Babarbare ne, maƙwabcina a Rijiyar Lemo, yana ɗibar dilolin atamfa daga Kantin Kwari zuwa kasuwannin ƙauye. Na sauke aksul, na ga boris sun cinye, na taka zuwa Sabon Gari wurin wani Ibo da muka tsufa tare a harkar. Ya miƙo boris, ya tsaya yana kallon yadda na kasa tsince zoben daga kan tebur.

"Malam, yau ka ɗauki biyu mana," in ji shi.

"Yaushe ka taɓa ganin na ɗauki biyu?"

Ya naɗe mini ɗaya. Raina ya ɓaci da shi har na iso gareji.

Bayan azahar na hau ɗaurewa. Aminina na zaune a benci yana shan rake, yana tsokanata wai tsufa ya sa ina aiki kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Na ja, na juya, ban ji komai ba. Na ƙara ja, na juya, shiru. A karo na huɗu sai da na sa tafin hannu gaba ɗaya kafin bakin ya motsa. Na zarce, kuma ba kaɗan ba.

Shagon Ibon nan bai fi tafiyar minti goma ba. Na tsaya da sifana a hannu ina hango kaina na shiga layin, ina cewa a ba ni wani zoben, kowa ya ɗago kai. Girman kai rawanin tsiya, na sha faɗa wa wasu. Na juya wa aminina baya, na mayar da notin baya kaɗan har bakin ya saki. Na zuba mai, na ɗaura farfela.

"An gama?" ya ce.

"An gama."

"Hannunka ai ba ya ƙarya."

Motar ta yi sati uku lafiya, har na fara samun barci. A na huɗu, aminina ya wuce Wudil da kaya cike, notin ya saki, haƙoran aksul suka cije, ƙafafun baya suka ƙame a guje. Motar ta wuntsila sau biyu. Ya rayu, amma a asibiti aka yanke masa hannun dama daga gwiwa.

Da aka jawo motar Fagge ni na kwance aksul ɗin, ni kaɗai. Na ciro zoben a lotse, na sa a aljihu. Tun ranar ban sake taɓa aksul ba. Na ce wa mutanen gareji bayana ne ke ciwo, suka yarda. Ibon ne kawai bai tambaye ni komai ba, kuma na daina bi ta layinsu.

Aminina yanzu yana zama a ƙofar gida da 'yar tirensa ta goro da alewa. Duk wanda ya zo jaje sai ya ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Wani ya taɓa cewa a gabana ko daga gyaran ne, aminina ya taso masa da faɗa kamar zai dake shi. Na fi son a ce ya zage ni. Sau uku ina fita da zoben a aljihu da niyyar in nuna masa, sau uku ina komowa da shi.

Jiya da na tashi tafiya daga wurinsa ya kamo hannuna da na hagunsa, ya ce in daina sa damuwa a raina, ciwona ba ya son tunani. Ya matse yatsuna sosai, har na ga jijiyar hannunsa ta tashi. Da ido na gani. Ban ji komai ba.