Ƙofar da Muke Kira Jamus

Shekaranjiya a kasuwar Taura, ina tsaye ana auna mini riɗi, sai na ji wani dattijo yana murɗa rediyo, tana wannan shuuu ɗin da take yi kafin tasha ta kama. Wallahi sai da hankalina ya bar kan mudu. Ƙarar ta mayar da ni gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, a ƙauyenmu na bayan duwatsun Dutse, inda kakana yake shimfiɗa buzunsa bayan la'asar.

Bari in gaya maka yadda gidan yake. Kakana da ƙanensa, wanda muke kira Kaka Ƙarami, uwa ɗaya uba ɗaya suke, tukunyarsu ma ɗaya. Zamanin siyasa wasu mutane suka zo daga birni da mota da lasifika, wannan ya bi jam'iyya, wancan ya bi wata. Mutanen suka koma birninsu, soja ma suka zo suka share jam'iyyun, amma katangar da rigimar ta sa aka ja a tsakar gidanmu tana nan daram. Rijiya ta faɗa ɓangarensu, rumbuna da gonar kirki suka faɗo namu. Mu ga hatsi, ruwa sai an je bakin gari. Su ga ruwa, amma kafin damina ta yi nisa tuwonsu ya koma sau ɗaya a rana. Muna jin gugansu, suna jin dakanmu, shekaru ba mai ce wa wani sannu.

A kakar da nake ba ka labari, an gama yankan gero, ƙamshin sabuwar dawa ya fara cika gari, Kaka Ƙarami ya kwanta ciwo. Tarinsa har ɗakinmu. Kakata ta yi magana ta gaji. Kakana ko ɗaga kai ba ya yi.

Rannan rediyo ta kawo labarin cewa a Jamus an fasa bangon da ya raba babban birninsu. Dattawan da ke zaune suka ɗauki salati. A saninsu, ba a fasa ganuwa sai an ci gari da yaƙi.

"Wa ya ci su?" in ji kakana.

Malamin firamarenmu, wanda yake zama a gefe don jin labarai, ya ce, "Ba kowa, Baba. Su da kansu suke fasawa da guduma, suna rawa."

"Da hannunsu? Kai yaro, ko dai rediyon ce ta sha rana?"

Malamin ya yi bayani a hankali. Bayan babban yaƙi, Rasha ta riƙe gefe, Amurka da ƙawayenta suka riƙe gefe. Gefen Amurka kantuna cike, na Rasha ana layin abinci, wanda ya hau bangon don ya ga ɗan'uwansa soja su harbe shi. Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne Bature a layin abinci. Mu da muka ɗauka a Turai ko kaza madara take sha! Amma kakana wani abu daban ya tsaya masa.

"To su da suka raba su, a wane ɓangaren suke kwana?"

"Suna ƙasashensu, Baba."

Sai kakana ya miƙa hannu. Ya kashe rediyon tun ba a gama labarai ba, abin da ban taɓa gani ya yi ba.

Washegari da hantsi muka ji duka a tsakar gida. Tsoho ne da gatari, ya tuɓe riga, yana saran katanga.

"Malam, tsufan ne ya zo da haka?" in ji kakata.

"Kawo sauran ruwan tulun nan ki jiƙa mini. Daga yau ba za ki yi nisa da shi ba."

Har yau ina jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan. Da ramin ya isa mutum ya wuce, sai ga Kaka Ƙarami kwance a tabarma, ya rame kamar kara. Ya dubi wansa ya ce, "Yaya, ai da ka yi sallama an buɗe maka ƙofa."

"Ƙofa ta baƙo ce," in ji kakana, ya sunkuya ya shige. Damin gero ya bi bayansa. Kaka Ƙarami bai ga damina ba, amma kansa na bisa cinyar wansa ya cika.

Yanzu riɗi da zoborodo nake saye ina turawa ƙasashen waje, kuma ba na saka farashi sai na ji abin da Turai ta kwana da shi. Na ga yadda yaƙin Rasha da Yukren ya sa taki ya gagari manomin Garki da ko taswirarsu bai taɓa gani ba. Ina kuma ji mutanen Turai suna sake jan waya mai ƙaya a iyakokinsu, su da suka koya wa tsohon da bai taɓa wuce Kano ba fasa bango.

Katangarmu an yi mata siminti, amma ramin ba wanda ya yarda a toshe. Da Sallar bara na ji 'yata tana ce wa jikar Kaka Ƙarami, "Kar ki zagaya, bi ta Jamus mana." Na tambaye ta ko ta san dalilin sunan. Ta ce ita dai ta san ta nan aka fi kusa.